Shaidar Maƙerin Gafasa

Litinin, 5 ga Agusta 1974, bayan azahar

Na sayi wannan littafi ne don rubuta darussan jami'a, ga shi tun ban je ba na fara ɓata shi da surutu. Malam Gwadabe, foman ɗinmu a nan yadin gyaran garmar shanu na Gaya, ya kira ni ofis ɗazu ya ce jibi baƙon jami'a zai zo.

Har yanzu abin mamaki yake ba ni. Ni Abdulsalam, da ban taɓa taka ƙofar sakandare ba, wai jami'a tana neman irina. Bana suka buɗe wata sabuwar hanya: ma'aikacin da ya yi makarantar sana'a, ya kuma yi shekara bakwai yana aiki da hannunsa, za a ɗauke shi ya karanta ilmin injinan noma tare da 'yan sakandare, aji ɗaya, benci ɗaya. Jarrabawar rubutu na yi ta a Kano watan jiya, na kuma ci. Saura maganar shekaru. Ina da huɗu a nan yadi, Malam Gwadabe ya sa hannu. Ukun da suka rage su ne waɗanda na yi a maƙerar Baba a Gafasa, bayan na gama firamare kafin a ɗauke ni makarantar sana'a. Sun ce za su ƙirga su, muddin maigidan da ya koya mini ya ba da shaida da bakinsa a gaban wakilinsu.

Ka ji ikon Allah. Zuga-zugin nan da na yi ta ja ina hawaye, hayaƙi na cin idona, yau an wayi gari jami'a na lissafa shi a cikin ilmi. Na yi ta maimaita wannan a raina ina ɗaure noti, har Malam Gwadabe ya ce in bar murmushi da garma, ba budurwa ba ce.

Talata, 6 ga Agusta, da hantsi

Na aika wa Gwaggo Hansai saƙo da direban motar Ajingi, a share maƙera, a sanar da Baba. Na wanke farar rigata.

Laraba, 7 ga Agusta, da sassafe

Sun iso. Wakilin jami'ar Ba'indiye ne, siriri, mai furfura a gefen kunne, kowa Injiniya yake ce masa. Tare da shi akwai tafinta, wani Malam Hadi, mutumin Kano. Injiniya ya zaga yadinmu, ya duba waldar da na yi wa wata garma, ya shafa ta da ɗan yatsa ya gyaɗa kai. Yanzu za mu hau Landiroba zuwa Gafasa.

Laraba, bayan magariba

Mun je, mun dawo.

Alhamis, 8 ga Agusta, da azahar

Ban yi fushi ba. Ina so in rubuta wannan tun da fari, don in wata rana wani ya tsinci littafin nan ya sani. Ban yi fushi ba.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Bari in rubuta abin da yake da daɗin rubutawa.

Da muka isa Gafasa, Injiniya ya cire takalmansa a bakin maƙera ba tare da kowa ya ce masa ba. Ya tsugunna a kan turɓaya da wandonsa mai guga, kusa da uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da aka kafa a ƙasa wanda ake dukan komai a kansa. Ya ɗauki wata fartanya da Baba ya gama, ya yi ta juya ta kusan kwata guda. Ya sa Malam Hadi ya tambayi yadda aka yi bakin ya zama ƙarfen sifirin na mota, jikin kuma ƙarfe mai laushi, alhali babu injin walda, babu kuma alamar inda suka haɗu. Baba ya ce wuta ce da yashi da haƙuri. Injiniya ya rubuta duka ukun a littafinsa. Ya ce a jami'a akwai injin da zai iya gaya maka taurin ƙarfe da lamba, amma bai taɓa ganin injin da zai yi wannan haɗin ba.

Ina tsaye a baya ina kallo. Mutumin da ya ƙetaro teku, yana zaune a ƙasa yana rubuta maganar mahaifina. Manoman da ke jiran gyara duk sun zuba ido.

Daga nan sai aka zo kan tambayar da ta kawo mu. Nan zan tsaya.

Asabar, 10 ga Agusta, da la'asar

Malam Gwadabe ba ya barin magana ta kwana. Ya tsare ni a bayan sito ya ce tunda na ƙi gaya masa, Malam Hadi ya gaya masa kafin su wuce. Ya maimaita mini kalmomin ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce ba a kan kunnena aka faɗe su ba. An tambayi Baba ko ya san wannan saurayi, ko ya yi aiki a hannunsa shekara uku, ko ya iya. Baba bai ko dubi inda nake ba, ya ce, "Wannan? Ɗan Hansai ne. Bai san komai ba. Ko zuga-zugi bai iya ja ba."

To ga shi nan, na rubuta. Hannuna bai karye ba.

Malam Gwadabe ya ce bayan mun dawo, a ofishinsa, Malam Hadi ya yi ta yi wa Injiniya bayani, cewa ni ɗan fari ne, kuma a ƙasar nan uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, balle ya yabe shi a gaban mutane. Injiniya ya ce ya gane, har ransa bai so ba, amma shi abin da baki ya faɗa aka aiko shi ya rubuta, ba abin da ke cikin ciki ba. Bai rufe fom ɗin ba tukuna. Ranar Laraba 28 ga wata zai dawo Gaya don ganin wani mai nema daga Kademi, a ranar kuma zai kulle sunaye. In maigidana ya zo ya gyara maganarsa kafin nan, to. In bai zo ba, shekaruna huɗu ne, huɗu kuma ba bakwai ba ce.

Malam Gwadabe ya ba ni hutun mako biyu ya ce in je in roƙi tsohon. Na ce to. Ban gaya masa cewa tunda na yi wayo ban taɓa yi wa Baba maganar da ta wuce gaisuwa da "ga shi" da "an gama" ba.

Litinin, 12 ga Agusta, Gafasa, da hantsi

Gero ya yi kyau bana, har ya rufe hanya. Bayan shekaru biyun nan na fari mutane sai kallon gonaki suke yi suna salati.

Na sauka a ɗakin Gwaggo Hansai kamar kullum. Ita ta goye ni, ita ta yaye ni, shi ya sa Baba ya sami inda yake rataye ni in dole ta sa ya ambace ni. Ta zuba mini fura ta zauna tana kallona. Na ce mata ban yi fushi ba. Ta ce ai ta gani, fushin ne ma ya hana ni shan furar.

Ta ce, "Abdu, me kake so ya ce? Ya ce ɗana gwani ne, a gaban mutanen gari, baki ya kama ka? Kakanka har ya mutu bai taɓa ce masa sannu da aiki ba."

Na ce to ita ta yi masa magana mana. Ta ce ta yi tun daren ranar, ya ce mata ya ji. Shi ke nan abin da ya ce.

Talata, 13 ga Agusta, bayan azahar

Na shiga maƙera na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa bango. Na zauna a bayan zuga-zugi na fara ja, manomin da ke ja wa kansa ya ba ni wuri da murna. Har azahar ba mu ce wa juna uffan ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, da la'asar

Yau kwana uku ina ja. Na zo ne in yi roƙo, amma kallo ya ɗauke mini hankali.

Shekara uku na yi a makarantar sana'a, an koya mini cewa in za a tsoma ƙarfe a ruwa don ya yi tauri, launinsa ake dubawa, har da allon launuka a bangon ajinmu. Baba ba ya duban launi. Yakan zaro ƙarfen daga wuta ya kawo shi kusa da kuncinsa kamar mai jin zazzaɓin yaro, ya ɗan jira, sannan ya tsoma. In ya tsoma kuma sai ya karkata kai yana sauraren kukan ruwan. Ɗazu wani mutumin Balan ya kawo magirbi sabo fil da ya sayo a Kano. Baba ya ƙwanƙwasa shi sau ɗaya a kan uwar maƙera ya ce akwai tsaga a wuyansa. Mutumin ya ce babu. Ni ma na karɓa na duba a rana, babu. Baba ya sa shi a wuta, yana yin ja sai ga tsagar ta bayyana, siririya kamar gashi, daidai inda ya ce.

Mutumin ya yi ta kabbara. Ni kuwa sai na ji kunya ta rufe ni. A ina nake duk shekarun nan da ban ga wannan ba? Ina yaro, abin da na sani kawai shi ne hayaƙi da ciwon kafaɗa. Na fara tunanin ko ba kunya ce ta sa shi faɗin abin da ya faɗa ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa tsakaninsa da Allah, ban san komai ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, da hantsi

Saura kwana goma sha biyu. Na shirya maganar tun a ɗaki, na haddace ta kamar karatun allo. Da na durƙusa sai na ji bakina ya ce, "Gawayi ya kusa ƙarewa."

Asabar, 17 ga Agusta, bayan azahar

Ya miƙo mini guduma yau. Ya dai ajiye ta ta ɓangarena ya koma bayan zuga-zugi ya zauna. Baba a bayan zuga-zugi, yana ja mini. Mutanen da ke wurin suka dubi juna.

Lauje na ƙera. Ina duka yana sauraro, kansa a sunkuye. Da na gama na tsoma, ya karɓa ya bi bakin da babban yatsansa tun daga gindi har ƙarshe, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Sannan ya jefa shi cikin kwandon waɗanda aka gama, tare da nasa. Bai ware shi gefe ba.

Na fita bayan maƙera na tsaya ina kallon gero har ƙirjina ya lafa. Satifiket ɗina na makarantar sana'a, mai tambarin gwamnati, ban ji abin da na ji yau ba ranar da aka ba ni shi.

Lahadi, 18 ga Agusta, da la'asar

To in ya san na iya, me ya hana shi? Ban yi fushi ba, tambaya kawai nake yi.

Litinin, 19 ga Agusta, da azahar

Da safe na riga shi shiga, na ce bari in yi abin kirki in gyara wurin. Na jera kayan aiki yadda muke jerawa a yadi, manya a dama, ƙanana a hagu. Awartaki, wanda ake kama ƙarfe mai zafi da shi, na ɗauke shi daga gindin uwar maƙera na rataye shi a ƙusa, a gabansa sosai, inda kowa zai gani.

Ya zo ya zauna, aka hura wuta, ƙarfe ya yi ja. Ya kai hannu inda awartakin yake zama kullum, ya shiga laluben ƙasa, alhali ga shi nan rataye a gabansa.

Ba zan rubuta sauran ba. Na dai tashi da sauri na mayar da kowane abu inda yake, shi kuma ya yi kamar yana kakkaɓe ƙasa ne. Allah ya sa babu kowa sai mu biyu.

Litinin, bayan la'asar

Shi ya sa yake ce wa duk wanda ya yi sallama, "Wane ne wannan mai muryar maroƙa?" Na ɗauka tsokana ce.

Talata, 20 ga Agusta, da hantsi

Na tambayi Gwaggo tun yaushe. Ta daɗe tana tsince wake kafin ta ce tun kakar bara waccan ya fara, bana kuma ya ƙaru. Ta ce ita kaɗai ta sani, sai ni yanzu, kuma in na bari ya gane na sani ba ta yafe ba. Na ce akwai asibitin ido a Kano. Ta ce ta faɗa masa, ya ce ranar da aka ga an ja shi zuwa mota, ranar mutane za su daina kawo aiki.

Kusan shekara biyu ke nan. Na zauna ina tuna yawan fartanyu da laujuna da gatura da suka fita daga rumfar nan a shekara biyu, daga nan har Ajingi har Balan, kuma ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba. Yau na zuba masa ido tun safe. Guduma ba ta taɓa kuskuren wurin da ya nufa ba. Wallahi tsoro ya kama ni, irin tsoron da mutum ke ji in hadari ya haɗu ya tsaya a kansa bai zubo ba. Wannan mutumin ne ya haife ni, kuma sai yanzu na fara ganinsa.

Alhamis, 22 ga Agusta, da azahar

Saura shida. Ban roƙe shi ba, kuma ba zan roƙe shi ba. Da wane bakin zan ce masa ya taka har Gaya ya sallame ni in tafi shekara uku?

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Jami'ar tana ta zuwar mini a rai, ba na so in yi ƙarya a littafina. Ranar jarrabawa an nuna mana hoton ɗakin gwajinsu, da injin da ke jan ƙarfe har ya tsinke yana rubuta nauyin da ya tsinka shi. Na so in sa fartanyar Baba a injin nan in ga lambar da za ta bayar. Na so in san dalilin yashi. Baba ya san yana yi, su sun san dalili, ni kuma na so in zama wanda ya san duka biyun. Wannan ne kawai, ba kwat da lakataye nake kwaɗayi ba.

Na yage takarda daga bayan littafin nan na rubuta wa Malam Gwadabe takardar barin aiki. In ba jami'a, to yadi ma ba shi da amfani, nan ya kamata in zauna. Gwaggo ta shigo ina rubutu ta tambaye ni mene ne, na gaya mata. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Lahadi, 25 ga Agusta, Gaya, da magariba

Na dawo. Da na je sallama da safe ya ce wa bango, "A gaida mutanen Gaya." Takardar tana aljihuna. Zan miƙa ta ranar Laraba bayan Injiniya ya tafi, don a yi komai rana ɗaya a huta.

Talata, 27 ga Agusta, da azahar

Malam Gwadabe ya tambaye ni ko tsohon zai zo. Na ce aiki ya yi masa yawa, ga girbi ya matso.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Injiniya ya gama da mutumin Kademi tun kafin azahar. Ya tambayi Malam Gwadabe labarina, aka ce babu wanda ya zo. Ya ce zai jira har la'asar. Ni ina can ƙarƙashin rumfa ina kwance wata garma da ba abin da ya same ta, don kada in haɗa ido da kowa. An yi la'asar, direba ya tayar da Landiroba, Malam Hadi ya sa jaka a baya.

Sai na ji maigadi yana cewa ba a shiga da jaki nan. Na ɗaga kai. Gwaggo Hansai ce a gaba riƙe da igiya, zanenta duk laka har gwiwa. Baba yana gefen jakin, tafin hannunsa a kan kayan, kamar mai tsoron kada su zame. Tun bayan sallar asuba suka taso daga Gafasa a ƙasa. Ni na san dalilin da ya sa hannun nan bai bar kan jakin ba, amma a wurin kowa dattijo ne mai kula da kayansa.

Ya sauke buhun da kansa a tsakiyar yadi, ya kwance. Uwar maƙera ce. Ƙasar Gafasa tana manne a gindinta, an ga alamar tono ta aka yi. Tun kakan kakana take a gidanmu, ni ban taɓa sanin tana da gindi mai tsini ba, don ban taɓa ganin ta a waje ba. Ma'aikatan yadi suka ajiye aiki suka kewaye mu. Injiniya ya sauko daga mota.

Baba ya ce a gaya wa baƙo ya zo gyara magana. Ya ce, "A gidanmu wannan ba ta fita daga ƙasa sai an sami wanda ya fi mai ita. Ubana bai tono ta ba sai ranar da ya ba ni. Yau na tono ta."

Malam Hadi ya juya maganar da Turanci. Injiniya ya tsugunna ya dafa ƙarfen, ya shafa kwarmin da dukan shekaru ya yi a samansa. Sannan ya ce a yi haƙuri, dole ya tambaya: wa aka ba? Dole sunan ya fito.

Baba ya yi shiru. Na ce a raina shi ke nan, an sake. Gwaggo ce ta ce wa Malam Hadi, "Ɗana, ko kwana za ku yi a nan ba zai faɗa ba. Ku nemi wata dabara."

Sai Baba ya tambaya ko sunan yana cikin takardar tasu. Aka ce yana ciki. Ya ce a kawo. Malam Hadi ya buɗe fom ɗin a kan uwar maƙera, ya buɗe tawadar dangwale, ya nuna masa layin ƙasa inda ake sa hannu. Baba ya ce ba can ba, a nuna masa inda sunan yake. Ya miƙa hannunsa a iska ya bar shi a nan. Malam Hadi ya dube shi, ya dube ni, na ga ya gane. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, bai nuna komai ba, ya kama yatsan kamar dai haka ake yi wa kowane dattijo, ya taɓa shi a tawada ya kai shi kan sunan. Baba ya danna, ya daɗe bai ɗaga ba.

Da ya ɗaga, sunana ya ɓace ƙarƙashin yatsansa, sai harafin farko da na ƙarshe. Malam Gwadabe ya ce an ɓata fom. Injiniya ya ɗaga takardar ya daɗe yana kallo, ya ce ba a ɓata ba, haka zai kai ta, shi zai tsaya a gaban kwamiti ya yi bayani. Ya sake rubuta sunan a sama da alƙalaminsa, ya sa hannu.

Na rasa abin yi, sai na durƙusa a gaban Baba a cikin man inji da ƙasa. Ya ce wa Gwaggo, "Ki ce wa ɗanki ya ɗauke ta daga hanya, kada mota ta taka."

Za su kwana a ɗakina, ni ina wurin maigadi.

Alhamis, 29 ga Agusta, da hantsi

Malam Gwadabe ya sa motar yadi ta mayar da su, jakin kuma wani zai kora. Na sa hannu a aljihu neman goro in ba Gwaggo, sai na ji takardar barin aikin. Ta gan ta, ta fizge, ta cusa a bakin zanenta. Ta ce za ta hura wuta da ita.

Na tambaye ta a ɓoye da me zai yi aiki yanzu. Ta ce, "Wa ya ce maka zai yi? Ya zaɓi ya ajiye da kansa a gaban mutane kafin a ajiye shi. Kai dai je ka yi abin da aka tono ta dominsa."

Uwar maƙera tana ƙarƙashin gadona. Sau uku na leƙa ta yau.

Litinin, 2 ga Satumba, da azahar

Shiru. Na fara tsoron kwamiti.

Alhamis, 5 ga Satumba, da la'asar

Ta zo. Masinja ya kawo ta cikin ambulan mai ruwan ƙasa. An ɗauke ni, watan gobe za mu fara, kuma yadi zai riƙe mini gurbina har in dawo. Malam Gwadabe ya karanta sau biyu, ya ce in na zama injiniya kada in zo ina yi masa iyayi a kan noti. Idonsa ya yi ja, wai hayaƙin walda ne.

Asabar, 7 ga Satumba, Gafasa, bayan azahar

An fara yankan gero. Tun daga bakin gari na lura ba a jin ƙarar guduma, ban taɓa shiga Gafasa da rana na ji haka ba.

Na same shi a maƙera, zaune a wurinsa na kullum, wuta a mace. Ramin da aka tono uwar maƙera yana nan a gabansa, bai bari an cike ba. Gwaggo ta ce ya yarda a kai shi Kano a duba shi bayan girbi, yanzu da babu aikin da za a daina kawowa.

Na durƙusa na gaishe shi, Gwaggo ta ce takarda ta zo. Na fara fassara masa, ya ce a'a, a karanta yadda masu ita suka rubuta. Sai na karanta da Turanci tun daga sama. Da na zo kan sunana na tsallake, kamar yadda kowa ke yi a gabansa tun ina yaro, na ci gaba har ƙasa. Kansa a karkace yake, irin yadda yake sauraren ƙarfe.

Da na gama ya ce, "Akwai inda ka tsallake. Takardar ba ta da mai ita ne?"

Na dubi Gwaggo, ta kawar da kai. Na koma sama na karanta duka, da sunan a ciki, cikakke, nawa da nasa a jere kamar yadda suka buga. A duk takardar nan, waɗannan kalmomi biyu kaɗai ya sani.

Ya dafa bakin ramin.

Ya ce, "Sake."